Arabidopsis da Danginta: Tambayoyi da Amsoshi kan Bambancin Gado da na Muhalli

Ɗalibin ilimin tsirrai ko na aikin gona a Katsina, Dutsin-Ma ko Daura, da zarar ya fara tattara takardu don aikinsa na shekarar ƙarshe, zai yi ta cin karo da suna ɗaya: Arabidopsis. Ko batun fari yake bi, ko wuta-wuta, ko lokacin da gero ke fitar da kai, sai ya tarar an fara gwada abin a jikin wannan 'yar ciyawa. Ga tambayoyin da suka fi yawan fitowa a kanta, da amsoshinsu.

Malam, mece ce Arabidopsis, kuma me ya sa ake wahala a kan ciyawar da ko akuya ba za ta ƙoshi da ita ba?

Cikakken sunanta Arabidopsis thaliana, 'yar gidan Brassicaceae, wato gidan su kabeji da lansir. Ganyenta na farko yakan shimfiɗu a ƙasa a zagaye kamar ɗan faifai, faɗinsa bai cika wuce tafin hannu ba, daga tsakiya kuma kara ya miƙe ɗauke da ƙananan fararen furanni. Rabin sunan daga Johannes Thal ya fito, likitan da ya bayyana ta a duwatsun Harz na Jamus a ƙarni na 16. Wani Bajamushen, Friedrich Laibach, ya ƙirga kromosom ɗinta, wato ƙullin da ke ɗauke da DNA, a 1907, a 1943 kuma ya ba da shawarar a mayar da ita abin gwaji.

Daga shuka zuwa girbin iri mako shida zuwa takwas ne a masu saurin fure. Gindi ɗaya na zubar da iri dubbai, ƙanana ƙwarai, kusan 50,000 a giram guda. Kanta take yi wa barbara, shi ya sa 'ya'ya ke fitowa kamar uwa sak. Kromosom ɗinta tagwaye biyar ne kacal, kundin gadonta haruffan DNA kimanin miliyan 135, ƙwayoyin gado masu ƙera furotin kusan 27,000. A shekarar 2000 ta zama tsiro na farko da aka karanta kundin gadonsa. Aikin da zai ci damina biyar a gonar dawa, a nan shekara guda ta ishe shi, a kan teburi ɗaya.

Ina ganin ana rubuta Col-0, Ler, Cvi. Jinsi daban-daban ne?

Jinsi ɗaya ne, tsatso ne ya bambanta. Irin da aka ɗebo daga gindi ɗaya a wani wuri yakan riƙe halinsa zuriya bayan zuriya, sai a raɗa masa suna, galibi sunan wurin. Col-0 ta ci sunan garin Columbia na jihar Missouri a Amurka, inda George Rédei ya ware ta. Ler daga Landsberg take, garin da yanzu ke cikin ƙasar Polan, sai dai a lura: an haska mata hasken X, abin da ya mayar da ita gajera mai ƙarfin kara, don haka ba 'yar daji ba ce zalla. Cvi daga tsibiran Cape Verde aka ɗebo ta, yamma da Senegal.

Mafi yawan abin da ke cikin littattafai a kan Col-0 aka gano shi, kuma a nan ɗalibai ke zamewa, su ɗauka halin Col-0 shi ne halin Arabidopsis. Wanda kaura kaɗai ya taɓa nomawa bai isa ya ce ya san dawa ba. Akwai ƙwayoyin gado masu muhimmanci da suka lalace a Col-0, akwai ma waɗanda babu su a jikinta sam, sai a wasu tsatson.

To bambancin nawa ne idan an auna?

Idan aka jera kundin tsatso biyu, za a samu saɓani a kusan harafi ɗaya cikin kowane 200. Ban da wannan akwai guntayen DNA da wani ke da su wani babu, da waɗanda suka ninku ko suka juya. An fara shirin karanta kundin tsatso 1001 a 2008, a 2016 aka fitar da sakamakon tsatso 1,135, aka samu wuraren saɓanin harafi ɗaya sama da miliyan goma. Tushen duk wannan kuskuren kwafi ne: an auna cewa a kowace zuriya ana samun sabon canji kusan guda ɗaya a duk kundin. Kaɗan ne, amma ciyawa ce mai sabuwar zuriya duk shekara tun shekaru dubu ɗaruruwa. Yawancin canje-canjen ba sa tsinana komai. Aikin mai bincike shi ne tsamo 'yan kaɗan ɗin da ke sauya hali.

Asalinta Turai ne, ko?

Haka aka daɗe ana ɗauka, saboda a can aka fi ɗibarta. Sakamakon 2016 ya nuna yawancin na Turai da Asiya zuriyar wani rukuni ne da ya bazu bayan zamanin ƙanƙara na ƙarshe, ya shanye tsofaffin mazauna, sai 'yan ragowa a wurare kamar Sifaniya. A 2017 ƙungiyar Angela Hancock ta karanta samfura daga Afirka, musamman Maroko, da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, sai ga shi na Afirka sun fi kowa yawan bambanci da tsufan tushe. Ciyawar 'yar gida ce a wannan nahiya, tana fitowa a duwatsun Atlas da kan dogayen tsaunukan Gabashin Afirka inda ake sanyi. Kada dai wani ya ɓata takalminsa yana nemanta a fadamun Jibiya ko Ajiwa, zafinmu ya fi ƙarfinta.

Wane hali ne ya fi bambanta tsakanin tsatso, kuma me ke jawo shi?

Lokacin fure. Shuka tsatso ashirin rana ɗaya a ɗaki ɗaya: wasu za su fitar da kara cikin mako uku zuwa huɗu da ganye goma ko sha biyu, wasu kuwa za su yi wata uku suna tara ganye hamsin, sittin, babu alamar fure. Ruwa ba ya tsami banza.

Ƙwayoyin gado biyu ne ke riƙe da babban kaso na wannan. FLC birki ce, tana hana fure. FRI ita ke taka birkin, tana sa a yi ta ƙera FLC da yawa. Tsiron da ke da su duka lafiya lau ba zai yi fure ba sai ya sha sanyi mai tsawo, makonni a jere. Sanyin ne ke kulle FLC a hankali, kullin kuma yana nan ko bayan ɗumi ya dawo, sai a sabuwar zuriya ake buɗe shi. Amfanin wannan a ƙasar da ake ƙanƙara a fili yake: iri ya tsiro kafin hunturu, ya kwanta a matsayin ganye, ya yi fure bayan sanyi ya wuce. Ƙungiyar Caroline Dean a Norwich ta Ingila ce ta gano FRI a 2000, ta kuma nuna cewa Col da Ler duk FRI ɗinsu ta lalace, kowace ta hanyarta daban. Saurin da ya sa masana suka so su, a gaskiya naƙasa ce da ta zame musu alheri. An samu irin wannan lalacewar FRI sau da dama a wurare mabambanta, alamar cewa duk inda lokacin girma ya gajarta, mai sauri ke tsira.

Misalin da ya fi kusa da mu na Cape Verde ne. Ciyawar ta isa tsibiran shekaru dubu kaɗan da suka wuce, ta tarar da gajeriyar damina da dogon rani. A tsibirin Santo Antão sai FRI ta lalace, a tsibirin Fogo kuma FLC ce ta lalace. Hanya biyu, masauki ɗaya: a yi fure a zuba iri kafin ƙasa ta bushe. Manomin Daura da ya zaɓi gero mai saurin nuna ya bar maiwa ga masu ruwa da yawa ya san wannan lissafin tun kafin a rubuta shi.

Na shuka sabon iri bai tsiro ba, alhali ba matacce ba ne. Me ya faru?

Barci yake. Irin Ler yakan farka cikin 'yan makonni bayan girbi, na Cvi kuwa sai ya yi watanni a bushe kafin ya yarda ya tsiro. Daga haɗa waɗannan biyun aka gano ƙwayar gadon DOG1 a 2006. Tsatson wurare masu zafi da bushewar bazara sun fi nauyin barci, domin irin da ya ruɗu da yayyafin farko ya tsiro, rana za ta ƙone shi, kamar dai shukar da aka yi da ruwan farko sannan sama ta ɗauke mako uku. Wani abin lura: zafin da uwa ta sha lokacin da iri ke nuna yana shiga lissafi, irin da ya nuna a sanyi ya fi barci. Saboda haka ba a kwatanta tsirowar irin da aka girbe a lokuta ko wurare daban.

Ban da fure da barci fa?

Akwai gishiri. Wasu tsatson bakin teku, kamar na gaɓar Kataloniya a Sifaniya, suna ɗauke da wani nau'in ƙwayar gadon HKT1 mai rauni a saiwa, wanda ke sa su tara sodiyom a ganye fiye da na cikin ƙasa. Akwai ɗacin ganye: sinadaran glukosinolet da ke ba lansir yajinsa sun bambanta daga tsatso zuwa tsatso, gwargwadon nau'in ƙwayoyin gadon MAM da AOP da kowanne ya gada, ƙwarin da ke cin wannan kuma ba lallai su iya cin wancan ba.

Ɓangaren cuta ne ya fi ban sha'awa. Ƙwayar gadon RPM1, mai gane wata bakteriya, wasu tsatson na da ita, wasu babu ita ɗungurungum, kuma duka nau'o'in biyu sun daɗe tare ba wanda ya kori wani. Dalili shi ne kariya na da tsada. ACD6 ta nuna wannan ƙarara: nau'inta mai zafi yana kare tsiro daga cututtuka iri-iri, amma tsiron ya fito ƙarami, ganyensa na saurin tsufa. Shekarar annoba mai zafin ke cin riba, shekarar lafiya mai sanyin. Wani lokacin ma garkuwar kan juya wa mai ita: a kusan kashi 2 cikin 100 na haɗe-haɗen tsatso, 'ya'yan sukan fito tsumburarru da tabon ƙuna a ganye, saboda ƙwayar kariyar uwa ta ɗauki furotin ɗin uba a matsayin maƙiyi. A digiri 16 abin ke bayyana sosai, a 23 zuwa sama sau da yawa ya ɓace. Wanda ya yi gwajinsa a ɗaki mai ɗumi zai rantse babu komai.

Su waye danginta na kusa, kuma me ake koya daga gare su?

Kama da wane ba ta wane. Arabidopsis lyrata tana da kromosom tagwaye takwas, kundinta ya haura haruffa miliyan 200, tana yin shekaru a raye, kuma galibi ba ta karɓar bununinta. Furotin biyu ke wannan aikin: SCR a jikin bununi, SRK a kan macen fure. Idan suka gane gida ɗaya suka fito, sai a rufe ƙofa. A thaliana wannan makulli ya karye, shi ya ba ta damar yi wa kanta barbara, ƙwayar iri guda ta kafa gari.

Arabidopsis halleri tana rayuwa a ƙasar da haƙar ma'adinai ta gurɓata, tana tara zinki da kadmiyom a ganye har adadin da zai kashe wani tsiron. Babban sirrinta kwafi uku na ƙwayar gadon HMA4, mai tura zinki daga saiwa zuwa ganye, masu aiki da ƙarfi, inda thaliana ke da ɗaya. Arabidopsis arenosa kuwa wasunta na da kromosom ninki biyu, wasu ninki huɗu, a kanta ake nazarin yadda tsiro ke jure ninkuwar kundinsa. Ita da thaliana suka haifi Arabidopsis suecica ta Suwidin da Finlan, mai kromosom 26: goma daga thaliana, sha shida daga arenosa. Can gefe akwai Eutrema salsugineum mai jure gishiri, da Arabis alpina da ake samu har a tsaunukan Habasha.

Tana da dangi a kasuwar Katsina?

Sosai. Kabejin 'yan lambu da lansir ɗin kwaɗo 'yan ɗakinsu ɗaya ne. Idan aka faɗaɗa zuwa babban gida, Brassicales, zogale na ciki, gwanda na ciki, anza ma haka. Murza ganyen lansir ko ka ɗanɗana saiwar zogale, wannan yajin mai hawa hanci shi ne tambarin gidan.

Wanda ya fi cancantar a kula da shi gasaya ce, Gynandropsis gynandra, wadda ke fitowa a bakin bola da kufai da damina. Gidanta, Cleomaceae, shi ne mafi kusa da gidan Arabidopsis, amma tana sarrafa hasken rana ta hanyar C4 kamar gero, dawa da masara, hanyar da ta fi dacewa da zafi, ita kuwa Arabidopsis C3 ce. Wannan ya sa masu son gane yadda C4 ta samo asali suke kwatanta su biyun. An kuma ga gasayar Afirka ta Yamma ta fi ta Gabashi da Kudancin Afirka gajarta. A ganinmu ɗalibin da ke nan ya fi kusa da sabon sakamako a kan gasaya fiye da a kan Col-0 da dubban ɗakunan gwaji suka riga suka tatse.

Duk da haka, za a iya renon Arabidopsis a Katsina?

Za a iya, amma a ɗaki mai na'urar sanyaya iska da wutar da ba ta yankewa. Tana son digiri 20 zuwa 23. A watan Afrilu, da zafinmu ke kai 40, awa kaɗan babu wuta ya isa ya ɓata aikin wata biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya: a tanadi sola ko janareta tukuna, a fara gwajin daga Nuwamba zuwa Janairu lokacin da hunturu ke taimakawa.

Iri daga rumbunan ajiya biyu ake samunsa, ABRC a Jami'ar Jihar Ohio da NASC a Nottingham. Ana buƙatar takardar izinin shigo da iri daga NAQS, hukumar killace kayan gona ta Najeriya. Tsatson daji ba a sauya gadonsu ba, amma layukan da aka cusa wa baƙon DNA suna ƙarƙashin dokar NBMA, hukumar da ke sa ido kan halittun da aka sauya wa gado, a nemi izininta kafin a yi oda.

Ƙasar shuka ta zama mai laushi, mai riƙe danshi ba tare da ta jiƙe sharkaf ba. Niƙaƙƙen ɓawon kwakwa da aka wanke gishirinsa kashi uku, rairayi mai tsabta kashi ɗaya, da ɗan ruɓaɓɓen taki da aka tankaɗe, a turara cakuɗin a bar shi ya huce. Jar ƙasar gona ko laka ba ta yi, tana ɗaurewa ta shaƙe saiwa. A cika ƙananan tukwane masu faɗin santimita 6 zuwa 7, a jiƙa su ta ƙasa. A zuba iri a kan farar takarda, a ɗauki ɗai-ɗai da jiƙaƙƙen tsinken sakace, uku zuwa biyar a kowace tukunya, a ajiye a saman ƙasa. Kada a binne, haske yake so kafin ya tsiro. A rufe da leda mai haske a sa a firji, digiri 4, kwana uku. Tsatson daji masu nauyin barci a ba su mako guda. Bayan an fitar, tsiro zai bayyana cikin kwana uku zuwa biyar. A buɗe ledar a hankali bayan mako ɗaya, a cire sauran a bar gindi guda.

Haske kuwa, fararen fitilun LED masu ƙarfin mikromol (ma'aunin hasken da tsiro ke samu) 100 zuwa 150, awa 16 a kunne, 8 a kashe. Wannan na da muhimmanci, domin tsawon yini a Katsina tsakanin awa 11 da 'yan mintuna ne zuwa kusan 13, ita kuwa dogon yini ke hanzarta mata fure. Masu buƙatar sanyi a mayar da su digiri 4 suna da kwana goma da tsirowa, da ɗan haske, mako huɗu zuwa takwas. Wasu na arewacin Suwidin sai sun yi kusan wata uku. Idan kwanson ya fara zama ruwan ƙasa a daina ban ruwa, a girbe cikin ambulan takarda, a bar shi ya bushe mako biyu.

Me ya fi yawan lalacewa?

Kwanso gajere marar iri: zafi ne ya kashe bununi, galibi ɗakin ya haura digiri 28. Dogon wuya da siraran ganye masu miƙewa sama: ko haske ya yi kaɗan, ko zafi ya yi yawa. Ganye ya koma shunayya: wahala ce, ta haske mai tsanani, ko ƙarancin fosfarus, ko ruwa da ya kwanta. Gansakuka a saman ƙasa da ƙananan baƙaƙen ƙudaje: ruwa ya yi yawa, tsutsotsinsu kuma na cin saiwa, a bar saman ya sha iska tsakanin ban ruwa biyu. Bakin ganye ya ƙone: a duba ruwan burtsatsen, wataƙila gishirinsa ya yi yawa. Darɓa da sauran ƙwari kan shigo a jikin tufafin wanda ya fito daga gona ko lambu, don haka ɗakin shuka ake fara shiga da safe kafin gona.

Mafi muni shi ne cakuɗuwar iri, domin ba a ganinta. Irin na maƙalewa a hannun riga, ya faɗa tukunyar maƙwabta. A sa wa kowane gindi rigar leda mai buɗaɗɗen sama da zarar kara ya fito, a girbe tsatso ɗaya a lokaci ɗaya, a share teburin kafin na gaba.

Ta yaya zan tabbatar bambancin da na gani na gado ne, ba na muhalli ba?

Da farko a sake haifar duk tsatson tare, zuriya guda, a wuri ɗaya, sannan a yi gwaji da sabon irin. Wannan ke goge tasirin uwa. Kowane tsatso ya samu aƙalla gindi takwas zuwa sha biyu. Kada a jera su layi-layi, a yi ƙuri'a a warwatsa, a kuma riƙa juya farantan duk bayan kwana biyu ko uku, saboda tukunyar bakin teburi da ta kusa da na'urar sanyi ba duniya ɗaya suke ba. Wajen auna fure a rubuta abu biyu: kwanakin da kara ya ɗauka kafin ya kai santimita ɗaya, da adadin ganyen faifan a ranar. Ƙirgen ganye ya fi aminci, domin tsiron da ya yi jinkiri don yunwa kwanaki zai ƙara, ba ganye ba.

Idan ana son sanin ko bambancin dacewa da wuri ne, sai an shuka kowa a gidan kowa. Idan ɗan gida ya fi baƙo a gidansa, baƙon kuma ya fi shi a nasa, to an samu hujja.

Yaya ake gano ƙwayar gadon da ke da alhakin wani hali?

Hanya ta farko haɗa tsatso biyu. A zaɓi tohon furen da bai buɗe ba, a buɗe shi da siririn hantsaki ƙarƙashin madubin ƙara girma, a cire sandunan bununi shida ba tare da an ƙuje macen ba, a shafa mata buɗaɗɗen furen uba, a ɗaura zare don shaida. Idan ta kama, kwanso zai fara tsawo cikin kwana uku, ya nuna cikin mako biyu zuwa uku. A zuriya ta biyu, idan hali ya rabu uku da ɗaya, ƙwaya ɗaya ce babba. Idan ya bazu daga gajere zuwa dogo babu iyaka, suna da yawa.

Hanya ta biyu a auna halin a tsatso ɗaruruwa, a nemi harafin da ke tafiya tare da shi. Babban gwajin 2010 ya yi haka da halaye 107. Tarkonta shi ne dangantaka: tsatson Suwidin galibi suna jinkirin fure, kuma sun yi tarayya a haruffa dubbai don kawai kakansu ɗaya. Wanda bai cire wannan a lissafinsa ba zai kama marar laifi. Ko an cire, sakamakon zargi ne kawai, sai an lalata ƙwayar ko an dasa ta a wani tsatson an ga halin ya bi ta.

Ina ruwan manomin gero da dawa da duk wannan?

Yawancin ƙwayoyin da ke auna tsawon yini da lokacin fure a Arabidopsis suna da takwarori a hatsinmu. A Jamhuriyar Nijar an kwatanta geron da aka ɗiba a 1976 da wanda aka sake ɗiba a ƙauyuka guda a 2003, bayan shekarun fari. Sunayen irin ba su sauya sosai ba, amma na 2003 ya fi saurin fure, nau'in ƙwayar gadon PHYC mai kawo sauri kuma ya ƙaru a cikinsa. PHYC mai jin haske ce, an kuma san tana bambanta lokacin fure tsakanin tsatson Arabidopsis. Wato irin da ke rumbun manomi ya gyara kansa, domin akwai bambanci a cikinsa da za a zaɓa. Irin da aka tace ya zama bai ɗaya ba shi da wannan damar.

Wuta-wuta ma haka. Irinta ba ya tsirowa sai ya ji sinadarin strigolakton daga saiwar hatsi, kuma da taimakon Arabidopsis aka gane yadda take jin sa. A 2017 ƙungiyar Gebisa Ejeta a Jami'ar Purdue ta nuna cewa dawar da ƙwayar gadonta ta LGS1 ta lalace tana fitar da wani nau'in sinadarin da bai cika tayar da wuta-wuta ba. Ba a ɗakin gwaji aka ƙirƙiri wannan lalacewar ba, a cikin dawar Afirka aka tsince ta.

Ba mu da ɗaki mai sanyi. Wane aiki zan iya yi da abin da ke hannu?

Jihar kanta ɗakin gwaji ce. Ruwan Funtua a kudu ya kai kusan milimita 1,000 a shekara, na Daura da Mai'adua bai cika wuce 600 da wani abu ba. A ɗebo gasaya, ko dawa, ko wake daga wurare goma zuwa sha biyar a kan wannan layin, a inda hanya ke da aminci, bayan an gai da mai unguwa an nemi izinin mai gona. A kowane wuri a ɗauki iri daga gindi 15 zuwa 20 masu tazarar aƙalla taku goma, kowanne a ambulansa, ban da leda domin tana sa fumfuna. Gero kuwa, tunda iska ke yi masa barbara kuma yana cakuɗa da shibra, zangarniya 30 zuwa 50 ake buƙata kafin a ce an wakilci gona guda. A rubuta lambar GPS, irin ƙasar, jigawa ce ko fadama, da sunan da manomin ke kiran irin da bakinsa, da dalilin da ya sa yake riƙe da shi.

A shuka duka a wuri biyu, ɗaya a arewa ɗaya a kudu, rana ɗaya in da hali, kowane samfuri a maimaita shi sau uku a fegi daban-daban da aka raba ta ƙuri'a. A auna kwanakin da rabin tsirran fegi suka yi fure, tsawo, faɗin ganye da nauyin ƙwaya ɗari. Don DNA, a tsinki ɗanyen ganye ƙarami a sa cikin ƙaramar jaka da garin silika ninki goma na nauyinsa. Idan launin silikar ya sauya a canza ta, cikin kwana biyu ganyen ya bushe ƙayau, zai jira har a samu kuɗin gwaji. Rabin kowane iri a ajiye shi a kwalba mai murfi da silika a firji, a kuma tuntuɓi NACGRAB, cibiyar adana iri ta ƙasa a Ibadan, ko cibiyar binciken aikin gona ta IAR Samaru, ko ofishin cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT na Kano game da ajiye kwafi na biyu, da lamba iri ɗaya da wadda ke littafin fili.